Furotin Nonon Raƙumi da Garkuwar Jikin Mai Ciwon Suga

Ciwon suga ba ya tsayawa a kan hauhawar sukari cikin jini. Yana kuma raunana fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa miki a ƙafar mai ciwon kan daɗe bai warke ba. Wannan ne ya ja hankalin masu bincike zuwa nonon raƙumi, musamman furotin ɗin da ke zama cikin ruwansa bayan an cire kasin, wato furotin ɗin da ke daskarewa ya zama cuku.

A cikin wannan ruwa akwai laktoferin, wanda ke riƙe sinadarin ƙarfe ya hana ƙwayoyin cuta amfani da shi, akwai laisozayim, wanda ke fasa bangon ƙwayoyin cuta, da sinadaran garkuwa. Ba shi da beta-laktogulobulin, wani furotin da ke cikin madarar shanu, ta nan kuwa ya yi kama da nonon uwa. A 1993 ne masana a Burasel ta Beljiyam suka bayyana cewa raƙumi na da wasu sinadaran garkuwa ƙanana, masu siffa dabam da ta mutum.

Mafi yawan abin da aka sani ya fito daga gwaji kan ɓeraye, a aikin Gamal Badr da Hossam Ebaid a jami'o'in Masar da Saudiyya. Sukan lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikin ɓera da wani sinadari don ya kamu da ciwon suga, sannan su ciyar da shi furotin ɗin ba tare da an dafa ba. Sun ga ƙwayoyin garkuwa nau'in B da T sun dawo da kuzarinsu na tafiya inda ake buƙatarsu, sinadaran kumburi irin su TNF-alfa da IL-6 sun ragu, miki kuma ya yi saurin rufewa.

A kan mutane hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba. A Bikana ta Indiya, likita R. P. Agrawal ya ba da rahoton cewa masu nau'in ciwon na farko, wato wanda jiki ke daina samar da insulin, da suka riƙa shan rabin lita na nonon kullum sun rage yawan insulin da suke yin allurarsa, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne. Nonon ba ya maye gurbin allura.

Buzaye a yankin Agadas sun saba shan nonon taguwa, sau da yawa ɗanye. Ɗanyen na iya ɗauke da cutar burusela mai kawo zazzaɓi da ƙwayar cutar numfashi ta MERS, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a guji shan sa ɗanye, ko da yake zafi mai yawa yana lalata wani ɓangare na furotin ɗin.