Cosimo de' Medici na Ɗaya

Cosimo de' Medici na Ɗaya (12 ga Yuni 1519 zuwa 21 ga Afrilu 1574) shi ne sarki na biyu na birnin Fulorans da ke tsakiyar Italiya, kuma shi ya fara riƙe sarautar babban sarkin Tuskani. Italiyawa na kiran sarautar farko duca, ta biyun kuma granduca. Yana ɗan shekara 17 ya hau. Birnin da ya gada ya saba da mulkin jamhuriya da faɗan manyan gidaje, ga sojojin ƙetare zaune a ganuwoyinsa. Ƙasar da ya bari kuwa dunƙulalliya ce a hannun gida guda, zuriyarsa ta riƙe ta har 1737.

Asalinsa da hawansa

Ɗan gidan Medici ne, amma ba daga ɗakin da sarauta take ba. Mahaifinsa, Giovanni dalle Bande Nere, shahararren kwamandan sojan haya ne, ya mutu a 1526 bayan harbin igwa ya same shi a ƙafa, Cosimo na da shekara 7. Mahaifiyarsa, Maria Salviati, jikar Lorenzo il Magnifico ce, shahararren jagoran Fulorans na gidan Medici, ita ta raine shi. Yawancin ƙuruciyarsa a karkarar Mugello ya yi ta, yana farauta, ba wanda ya kawo shi a lissafi.

A farkon Janairu 1537 Lorenzino de' Medici ya yaudari ɗan uwansa sarki Alessandro, ya ja shi ɗakinsa da alkawarin haɗa shi da wata mace, ya kashe shi. Alessandro bai bar ɗa na aure ba. Dattawan majalisar mutum 48, cikinsu har da masanin tarihi Francesco Guicciardini, suka ɗauko Cosimo don sun ga yaro ne, za su mayar da shi raƙumi da akala. Ko sunan sarki ba su ba shi ba, shugaban birni suka kira shi, suka kuma yanka masa albashi. Ashe kallon kitse suke yi wa rogo.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka gane haka. Manyan Fulorans da ke gudun hijira, masu son a dawo da jamhuriya, suka tara mayaƙa ƙarƙashin gidan Strozzi suka doso birni. A farkon Agusta 1537 dakarun Cosimo suka yi musu dirar mikiya a Montemurlo. Aka fille kan Baccio Valori da wasu jagororin, attajiri Filippo Strozzi ya mutu a tsare a 1538. Sarkin Daular Rum Mai Tsarki, Charles na Biyar, wanda shi ne kuma sarkin Sifaniya, ya tabbatar wa Cosimo da sarautar duca, dattawan da suka naɗa shi suka koma 'yan kallo.

Yadda ya riƙe ƙasa

A 1539 ya auri Eleonora di Toledo, 'yar wakilin sarkin Sifaniya a Napoli. Auren siyasa ne, amma ya zama na ƙauna, suka haifi 'ya'ya 11. Ita ke riƙe masa gari in ya yi tafiya, kuma da kuɗinta aka sayi fadar Pitti. A 1540 ya kwashe iyalinsa ya tare a fadar majalisar jamhuriya, wadda a yau ake kira Palazzo Vecchio. Duk mai hankali ya gane saƙon: gidan shawarar jama'a ya zama gidan mutum ɗaya. A 1543 ya biya Charles kuɗi mai yawa aka janye sojojin da ke gadin ganuwoyin Fulorans da Livorno.

Bai rushe tsofaffin majalisu ba, ya dai zare musu laka. Aikin gwamnati na gaske ya koma hannun magatakarda da masana shari'a, da yawansu 'ya'yan ƙananan garuruwa, waɗanda ba su da wani uban gida sai shi. Ya baza 'yan leƙen asiri, ya ɗora haraji mai nauyi, ya kafa dokar da ake kira Polverina, wadda ke ƙwace dukiyar ɗan tawaye ta kuma shafi magadansa. Talakan karkara ya samu shari'a da ta fi ta da daidaito, amma bakin kowa ya rufe.

Yaƙin Siyena

Wannan ne babban abin da ya yi da takobi, kuma mafi muni. A 1552 mutanen jamhuriyar Siyena suka kori sojojin Sifaniya suka jingina da Faransa. Cosimo ya shiga yaƙin a gefen Charles. Ranar 2 ga Agusta 1554 rundunarsa ta karya ta Piero Strozzi, kwamandan ɓangaren Siyena da Faransa, a Marciano, sannan aka tsananta ƙawanyar da aka yi wa Siyena. Da yunwa ta yi tsanani, masu tsaron birnin suka riƙa fitar da waɗanda suka kira bakuna marasa amfani, wato tsofaffi da mata da marayu, su kuma na waje suka hana su wucewa, da yawa suka mutu a gindin ganuwa. A Afrilu 1555 birnin ya sallama. Sarkin Sifaniya Philip na Biyu ya damƙa wa Cosimo shi a 1557, amma ya riƙe wasu tasoshin gaɓar teku. Ragowar 'yan jamhuriyar suka dage a Montalcino har 1559.

Ta fuskar teku, ya gina garin Portoferraio a tsibirin Elba, ya kuma kafa ƙungiyar mayaƙan Santo Stefano a Pisa don tunkarar jiragen Turkawa da na Arewacin Afirka. Jiragen Tuskani 12 ne suka yi yaƙin Lepanto da Turkawa a 1571 ƙarƙashin tutar Paparoma.

Gine-gine da ilimi

Cosimo ya san gini da zane suna magana. Shi ya sa Benvenuto Cellini ya ƙera mutum-mutumin Perseus na tagulla, wanda aka buɗe a 1554 a dandalin Signoria: saurayi tsaye da takobi, ya ɗaga yankakken kai sama, gawar tana ƙarƙashin ƙafarsa. A 1560 Giorgio Vasari ya fara gina Uffizi don tattara ofisoshin gwamnati wuri guda, a yau gidan adana zane-zane ne da duniya ta sani. A 1565, cikin wata biyar, Vasari ya gina rufaffiyar hanya ta sama mai tsawon kusan kilomita ɗaya, daga Palazzo Vecchio ta bi ta kan gadar Ponte Vecchio zuwa Pitti, don sarki ya wuce ba tare da ya taka titi ba. Gidan Mannelli suka ƙi yarda a taɓa hasumiyarsu, dole hanyar ta kewaye ta, kuma har gobe ana ganin lanƙwasar.

Ya farfaɗo da Jami'ar Pisa a 1543, aka kafa mata lambun nazarin tsirrai da ke cikin na farko a Turai. A 1563 aka kafa makarantar masu zane da sassaƙa a Fulorans.

Shekarun ƙarshe

Ƙarshen 1562 ya karya masa zuciya. A wata tafiya ta yankin fadamun gaɓar teku, zazzaɓin cizon sauro ya kama iyalinsa. Cikin 'yan makonni ya rasa 'ya'yansa Giovanni da Garzia, sannan Eleonora ta bi su a Disamba. Maƙiya suka yaɗa cewa ɗan'uwa ne ya kashe ɗan'uwa uba kuma ya rama, amma binciken ƙasusuwan a wannan zamani ya nuna zazzaɓin ne. A 1564 ya miƙa wa ɗansa Francesco ragamar yau da kullum.

Abu ɗaya ya rage masa, wato sarautar da za ta ɗaga shi sama da sauran sarakunan Italiya, kuma ya saye ta da tsada. A 1566 ya miƙa wa Paparoma Pius na Biyar Pietro Carnesecchi, mutumin da ke ƙarƙashin kariyarsa, aka kashe shi a Rum a 1567 bisa zargin bidi'a. Wannan tabo ne da ba ya wankuwa. A 1569 Paparoma ya ba shi sarautar granduca, ya ɗora masa kambi a Rum a Maris 1570, duk da Sarkin Daula Maximilian na Biyu ya ƙi amincewa. Ba da jimawa ba aka tilasta wa Yahudawan ƙasar zama a keɓantattun unguwanni a Fulorans da Siyena.

A 1570 ya auri Camilla Martelli. Shanyewar jiki ta kwantar da shi har magana ta gagara, ya rasu yana da shekara 54. An binne shi a cocin San Lorenzo. 'Ya'yansa biyu, Francesco da Ferdinando, sun yi sarauta bi da bi, kuma Ferdinando ne ya sa Giambologna ya ƙera mutum-mutumin mahaifinsu a kan doki, wanda ke tsaye a dandalin Signoria tun 1594.