Aikin Lafiya ko Kwamfuta: Wanne Ya Dace da Mai Iyalin da Zai Koma Makaranta?

Gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemu yana da kuɗin haya da na cefane a wuyansa. Shi ya sa zaɓin babba ya sha bamban da na yaron da ya gama sakandare jiya. Ga tambayoyin da masu shirin komawa aji a Arewacin Najeriya suka fi yi kan waɗannan fannoni biyu.

Wanne ya fi sauƙin shiga?

Kwamfuta. Fannin lafiya ƙofarsa a tsare take. Aikin jinya, ungozoma da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti duk suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya yi ajin adabi ko kasuwanci a sakandare sai ya koma ya sake zana jarrabawa tukuna. Digirin kimiyyar kwamfuta ma yana son Lissafi da Fizis, amma koyon rubuta manhaja ko nazarin bayanai ba ya jiran takarda. Shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 misali ne na horon da ba na digiri ba.

Shekara nawa zan yi kafin in fara cin gajiya?

Diflomar CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara 3 ce a kwalejin kimiyyar lafiya. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Likitanci shekara 6. Kimiyyar kwamfuta shekara 4 a jami'a, ko ƙaramar difloma ta shekara 2 da babba ta shekara 2 a kwalejin fasaha irin ta Kaduna ko Kano.

Zan iya haɗa karatun da sana'ata?

Nan ne ya kamata babba ya fi tsayawa ya yi tunani, fiye da batun albashi. Karatun lafiya da jiki ake yin sa. Za a tura ka ɗakin marasa lafiya, ka yi aikin safe, na yamma da na dare, kuma ba a ba da lasisi sai ka cika makonnin wannan aiki ka ci jarrabawar hukumar da ke kula da fannin, kamar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Mai shago a Kantin Kwari ko malamin firamare ba zai iya haɗa wannan da aikinsa ba sai ɗaya ya sha wuya. A ganina, kada ka shiga sai ka san wanda zai riƙe gidan na tsawon shekarun nan, ka zauna da iyalinka ku yi maganar ƙeƙe-da-ƙeƙe.

Kwamfuta kuwa tana bin lokacinka. Jami'ar NOUN ta karatu daga nesa tana da cibiyoyi a jihohi, tana kuma koyar da kimiyyar kwamfuta, kana aikinka kana karatu. Amma a lura, digirin jinya da take bayarwa na waɗanda suka riga suka zama nas-nas masu rajista ne, ba na sabon shiga ba.

To wanne ya fi tabbacin aiki?

Lafiya, musamman a wajen manyan birane. Lasisin da ka sha wuya ka samu shi ne zai hana wanda bai yi karatun ba ƙwace maka gurbi. Asibitocin ƙauye na kukan ƙarancin ma'aikata, ga kuma ƙwararru da ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Sai dai albashin jiha da na ƙaramar hukuma ba ya yawa, aikin kuma akwai gajiya, tsayuwa da ganin jini da mutuwa.

A kwamfuta takarda kaɗai ba ta ɗaukar mutum aiki. Mai ɗauka zai ce nuna mini abin da ka gina. Wanda ya ƙware zai iya yi wa kamfanin Legas ko na ƙetare aiki daga ɗakinsa a Zariya, amma kafin ya kai nan akwai watanni na nema ba amsa, ga matasa 'yan shekara ashirin da ke gogayya da shi, ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke yin wani ɓangare na aikin 'yan koyo. Sannan dole ka mallaki kwamfutarka, ka tanadi data da wutar sola, domin wutar gari ba abar dogaro ba ce.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya. Shawara ɗaya ce?

Buƙatar mata a fannin lafiya a Arewa babba ce, domin mata da yawa ba sa sakin jiki sai a hannun 'yar'uwarsu mace, musamman wajen awo da haihuwa. Idan maigida ya amince da aikin dare tun kafin ki sayi fom, kuma akwai mai duba yara, ungozoma ko jinya hanya ce mai daraja. Idan babu wannan, kada ki fara ki yanke a shekara ta biyu.

Kuɗin makaranta da bautar ƙasa fa?

Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa. Wanda kuma ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ba ya tafiya bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Akwai fannin da ya haɗa biyun?

Akwai: kula da bayanan lafiya. Ana yin diflomarsa a kwalejojin lafiya, yana da hukumar rajistarsa, kuma aikinsa adana fayilolin marasa lafiya ne da shigar da alƙaluma a manhaja irin DHIS2 da ma'aikatun lafiya ke amfani da ita. Wanda yake son asibiti amma ba ya jure ganin rauni, ya tambayi kwalejin lafiya ta jiharsa ko suna da wannan sashe da kuma lokacin da suke sayar da fom.