Waiwaye: Baƙaƙen fatar da suka mallaki bayi a Amurka

Duk lokacin da aka tayar da zancen bauta a Amurka, ba a rasa wanda zai ce ai baƙaƙen fata ma sun mallaki bayi, kamar dai hakan ya isa ya sassauta laifin tsarin. Maganar gaskiya ce, amma akan faɗe ta ba tare da alƙaluma da dokokin da suka dabaibaye ta ba.

Abin ya samo asali tun ƙarni na 17. Anthony Johnson, wanda aka kawo Virginia daga Afirka a 1621, ya sami 'yanci har ya mallaki gona mai eka 250, kuma a 1655 kotu ta ba shi ikon riƙe wani baƙar fata, John Casor, a matsayin bawa iya rayuwarsa. Masanin tarihi Carter G. Woodson, da ya bi diddigin ƙidayar 1830, ya gano 'yantattun baƙaƙen fata kusan 3,800 riƙe da bayi kusan 13,000, a daidai lokacin da bayin ƙasar suka haura miliyan 2. Ke nan abin da ke hannunsu bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Da yawa daga cikin waɗannan bayi iyalan masu su ne. A 1806 Virginia ta kafa doka cewa duk bawan da aka 'yanta sai ya bar jihar cikin shekara guda, yayin da Carolina ta Kudu ta hana 'yantarwa a 1820 sai da amincewar majalisa. Saboda haka magidanci zai yi shekaru yana tara kuɗi ya fanshi matarsa, amma ya bar sunanta a takarda a matsayin dukiyarsa don kada a raba su. Tunda ɗa yana bin matsayin uwarsa ne a dokar lokacin, 'ya'yan da suka haifa ma bayinsa ne a idon hukuma, kuma idan ya rasu da bashi a kansa, masu bin bashi suna iya kai su kasuwa.

Sai dai bai kamata tausayi ya rufe mana ido ba, domin akwai waɗanda riba suka bi tsagwaronta. William Ellison, wanda aka 'yanta a 1816, ya shahara da ƙera injin gurzar auduga a Stateburg ta Carolina ta Kudu, kuma zuwa 1860 bayinsa sun haura 60. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, gidansa ya goyi bayan jihohin Kudu masu kare bauta. A Louisiana kuwa, zuriyar Marie Thérèse Coincoin, wadda ita kanta aka haifa cikin bauta, wato iyalan Metoyer, sun mallaki bayi sama da 200 a gandayensu na bakin Kogin Cane. Wanda aka tilasta wa noma a irin waɗannan gandaye bai sami sauƙi don fatar ubangidansa irin tasa ce ba.

Wasu attajiran sun ɗauki wata hanya daban. James Forten, mai sana'ar ɗinka filafilan jiragen ruwa a Philadelphia, ya zuba dukiyarsa wajen yaƙar bautar, har da tallafa wa jaridar The Liberator.

Dukiya ba ta saya wa ko ɗaya daga cikinsu cikakken matsayi ba. William Johnson, mai shagunan aski a Natchez ta jihar Mississippi, yana da filaye da bayi, kuma manyan fararen garin a wurinsa suke aski. A 1851 maƙwabcinsa Baylor Winn ya harbe shi saboda rikicin iyakar gona. Waɗanda suka ga abin da idonsu baƙaƙen fata ne, ciki har da ɗan mamacin, dokar jihar kuwa ta haramta musu ba da shaida a kan farar fata. Winn ya dage cewa shi ba baƙar fata ba ne, aka kasa tabbatar da akasin haka a kotu, kuma bayan kimanin shekara 2 a tsare aka sake shi.