Gwajin Baƙin Mai: Ku Karanta Kafin Ku Sake Tambaya

Man ya yi baƙi ƙirin, ya mutu ke nan?

A'a. Man injin dizal yakan yi baƙi da wuri, domin aikinsa ne ya kwashe kunkunniya. Murza shi tsakanin yatsu, yadda ake yi a garejojin Suame Magazine da ke Kumasi, ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne a ɗebi samfurin man a tura ɗakin gwaji, su aiko da takardar sakamako. Kaurin gashin kai ya kai maikron 70 (maikron 1,000 ne milimita ɗaya), ɓarɓashin da ke cin boris kuwa bai kai 15 ba. Yatsa ba ya jin sa.

Yaya ake ɗiban samfur?

Da zafin injin, ba bayan ya kwana ba. Mililita 100 ya isa, a sabuwar kwalba, ba robar ruwan Voltic da yaro ya tsinto ba. Zura sabon tiyo ta ramin geji zuwa tsakiyar man, kada ya taɓa ƙasa. In ta ƙasa za ka kwance, bari na farko ya zuba, ka tari na tsakiya. Rubuta awoyin injin, awoyin man, irinsa, da lita nawa aka ƙara. Kwalba ba rubutu, kuɗinka ka zubar.

Sau nawa?

Janareta duk awa 250, haidirolik duk awa 500, sai in littafin injin ya faɗi wani abu.

Takarda ta nuna silikon ya hau. In kwance injin?

Masta, ajiye sifana tukuna. Silikon, sinadarin da ke cikin yashi, yakan nufi ƙura, kuma ga mai aiki a jar ƙasa ko cikin hunturu, ita ce abin zargi na farko. Amma ba kullum ba. In kwanan nan aka shafa gam na silikon a gaskat, zai fito a takarda ba tare da ya cuci komai ba. Sabon mai ma yana zuwa da ɗan silikon na hana kumfa, shi ya sa ake tura samfurin sabon man tare. Dubi abokan tafiyarsa. Ƙura ta gaske takan hau tare da alminiyam, wajen kashi 3 na silikon ga kashi 1, daga baya ƙarfe da kuromiyam su biyo, alamar silinda da ringi sun fara ciwuwa. In ka ga haka, bi hanyar iska: filta, robar murfinta, tiyon da ya tsage a bayan kilif. Shafa farin ƙyalle cikin bututun da ke bayan filta. Ya fito ja, ka kama ɓarawo. Gyara, yi juye, sake gwaji bayan awa 50 zuwa 100. In kuwa silikon ya hau shi kaɗai, ƙila hannun mai ɗiba ne da datti. Kuma lamba ɗaya ba ta yanke hukunci, sai ka jera sakamako uku ka ga inda suka dosa, ka tuna cewa ƙara mai da yawa yana tsarma lambar ta yi kamar lafiya.

Ruwa fa?

Ɗiga man a farantin ƙarfe mai zafin wajen digiri 150. Ya yi tsartsatsi, akwai ruwa. In takarda ta nuna sodiyam da fotasiyam, ruwan lagireto ne, ta gaskat ko kular mai. Wannan kam kashe injin yau, kada ka jira ƙarshen wata.

Kaurin man ya ragu, don me?

Dizal ke gangarawa ciki. Duba nozul. In kaurin ya kauce fiye da kashi 10 cikin 100 daga na sabo, yi juye.

Takarda ta ce ƙarfe kaɗan ne a cikin man, amma giyabos na kuka.

Kada ka saki jiki. Na'urar da ke ƙirga ƙarafa ba ta ganin ɓarɓashin da ya wuce maikron 8 ko kusa da haka, haƙorin giya kuwa manya yake zubarwa. Nemi a yi maka gwajin PQ, mai auna duk ƙarfen da ke cikin man komai girman ɓarɓashinsa, ka duba maganaɗisun da ke kan toshin juye, in akwai filta ka yanka ta, ka shimfiɗa takardarta a rana.