Domen: sunan da kake haya a intanet

Ƙanwar mahaifiyata tana sayar da abayoyi da turaren wuta a Makka, wajen Shara Mansur. Shekaru uku tana da shafi a intanet, alhazan da suka koma Kano da Maradi suna shiga su zaɓi kaya a aika musu. Bara bayan aikin Hajji sai shafin ya ɓace ɓat. Da ta kira ni na ce, "Inna, da sunan wa aka yi rajistar domen ɗin?" Ta ce, "Ɗan nan, mene ne kuma domen? Ni dai na ba yaron riyalolina ya haɗa min."

Ba ita kaɗai ba ce ke jin kalmar a bakin masu haɗa shafuka ba tare da an fayyace mata ba. Larabawa suna ce masa niɗaƙ. Kowace kwamfutar da ke ɗauke da shafi tana da lambar da ake samunta da ita, doguwa, mai wuyar haddacewa. Domen shi ne sunan da aka ɗora a kan lambar nan, kamar yadda kake ajiye lambar wani a waya da sunan "Alhaji mai dabino". Tsarin da ke haɗa suna da lamba ana kiransa DNS, Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, sunan farko mai ƙarewa da .com kuwa an yi rajistarsa a watan Maris na 1985.

Wutsiyar sunan, irin su .com, ce ke nuna wanda ke riƙe da kundin rajistar sunayen. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke kula da .com, a ƙarƙashin ƙa'idojin ICANN, ƙungiyar da ke tsara sunayen intanet, wadda aka kafa a 1998. Ƙasashe kuma kowacce da tata: .ng ta Najeriya, .ne ta Nijar, .sd ta Sudan, .sa ta Saudiyya, wadda cibiyar rajista ta SaudiNIC ke kula da ita. A 2010 Saudiyya na cikin ƙasashe ukun farko, tare da Masar da Daular Larabawa, da aka ba wutsiya da haruffan Larabci. Ga .com, kai mai saye ba ka zuwa wurin mai kundi kai tsaye, dillalan rajista irin su GoDaddy da Namecheap kake bi.

To ga inda ake yawan tuntuɓe. Muna cewa "na sayi domen", alhali haya ce. Ana biyan shekara ɗaya, ko a tara har goma a lokaci guda. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shafin yana tsayawa, a ɗan yi maka uzuri, daga nan ga .com akwai wasu kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada. In suka wuce, sunan ya koma kasuwa, wanda ya riga kowa shi ne da shi. Kuma mai domen a idon dillali shi ne wanda sunansa da imel ɗinsa ke rubuce a rajista, ko da kuɗin daga lalitar wani suka fito. Abin da ya sami Inna ke nan. Yaron ya sa nasa imel ɗin, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ya koma gida, saƙonnin tuni suna ta shiga akwatin da ba mai buɗewa. Ban ce ya yi da mugunta ba, amma asarar a kanta ta faɗa, kuma abin ya ci min rai ƙwarai.

Rajistar nan tana da wata fuskar da ta shafi sirri. Da can akwai kundin da ake kira WHOIS, kowa na iya rubuta sunan shafi ya ga sunan mai shi, adireshinsa da lambar wayarsa. Tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018, yawancin dillalai suka shiga rufe bayanan, wasu kuma suna sa nasu adireshin a madadin naka. Saudiyya ma tata dokar kare bayanan mutum ta fara aiki a Satumbar 2023. A majalisarmu ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa ɗan kasuwan da ya ɓoye sunansa da ɗan damfara ya yi kama. Ni ina tare da masu rufewa, musamman saboda matan da ke sana'a daga cikin gida: ba dalilin da zai sa baƙo ya san ƙofar gidan mace don kawai tana sayar da humra. Lambar shago a rubuta ta a fuskar shafi, ta isa amana. Sai dai rufewar labule ce kawai, dillali yana da bayananka kuma kotu na iya nema. Cika rajista da sunan ƙarya kuwa yana iya jawo a dakatar da domen ɗin.

Akwai masu cewa, "Ina da Instagram da WhatsApp, me zan yi da domen?" Suna da hujja, domin can masu saye suke wuni. Amma sunanka a Instagram shimfiɗa kaya ne a ƙofar shagon wani, ran da aka rufe asusun ko aka sace shi, ba inda za ka ɗauki sunan ka kai. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk suka ɗauke na kusan awa shida. Domen kuwa in dillali bai yi maka ba, kana karɓar lambar sirrin canji ka mayar da shi wurin wani, sunan na nan yadda yake.

Tsohon sunan Inna wani ya riga ya ɗauke. Mun yi sabo da ƙarin harafi ɗaya, da sunanta da imel ɗin da ke wayarta, muka biya shekaru biyar, muka kunna sabuntawa da kanta. Ledojin da ta buga da tsohon sunan har yanzu suna jibge a bayan shago, 'yarta tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana liƙa musu sabuwar takarda.