Feftid: Sinadaran Da Ke Matse Jijiyoyin Jini Su Kuma Sake Su

A 'yan shekarun nan kalmar feftid ta cika tallan man shafawa da na alluran rage ƙiba, har wasu suka ɗauka sabon abu ne. Ba sabo ba ne, jikinmu ke haɗa shi tun muna ciki. Feftid gajeren jere ne na sinadaran da ake kira amino asid, kamar carbi mai 'yan ƙwayoyi. In ƙwayoyin suka yi yawa sosai, sai a kira shi furotin. Jiki na aika feftid da saƙonni iri-iri, kuma daga cikin masu nauyi akwai wanda ake kai wa jijiyoyin jini: ku matse, ko ku saki.

Jijiyoyin da ke rarraba jini suna da siririn nama a bangonsu, kullum a ɗan ɗaure yake. In ya ƙara ɗaurewa, hanya ta ƙuntata, jini ya hau. In ya saki, jini ya sauka.

Huhu yana da nasa tsarin. Duk jinin da ɓangaren dama na zuciya ya tura, ta huhu yake bi, amma matsakaicin ƙarfinsa a can bai wuce kusan 14 a ma'auni ba, alhali a sauran jiki yana kai wajen 90. Hanya ce mai laushi da faɗi. Kuma a bangon ƙananan jijiyoyinta akwai wani sinadari da yawa mai suna ACE. Idan ƙoda ta ji jini ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, shi kuma ya samar da anjiyotensin na ɗaya, mai amino asid 10, wanda ba shi da wani ƙarfi. Da ya ratsa huhu, ACE ya gutsure masa 2, sai ya zama anjiyotensin na biyu mai 8, wanda ke matse jijiyoyi ya kuma sa jiki riƙe gishiri da ruwa. Wannan ACE ɗin dai shi ne ke rusa biradikinin, feftid mai 9 da ke buɗe jijiyoyi. Aiki biyu ke nan a hannu ɗaya, kuma dukansu ɗaga jini suke yi.

Nan ne bayanin ya shigo gidajenmu. Masana a Burazil sun gano biradikinin ta hanyar dafin wani maciji mai suna jararaca, wanda saransa ke faɗar da jini. A 1965 Sérgio Ferreira ya nuna cewa a cikin dafin akwai feftid da ke ƙara wa biradikinin ƙarfi, daga baya aka gane ACE suke toshewa. Daga wannan sawun aka ƙera maganin hawan jini captopril, wanda Amurka ta amince da shi a 1981, sannan danginsa irin su lisinopril suka biyo baya. Mai shan lisinopril da ya wayi gari da busasshen tari, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ba majina ba zazzaɓi, dare ya yi tarin ya hana shi barci, sau da yawa biradikinin ne ya taru a hanyar numfashi, tunda maganin ya toshe ACE da ke rusa shi. Yana damuna in ga mutum ya yi ta sayen maganin tari, ko ya watsar da maganin hawan jininsa shiru. Likita na iya canza masa zuwa irin su losartan, wanda ba ya taɓa ACE. Amma in leɓe ko harshe ya kumbura, asibiti za a nufa nan take, kuma wannan kumburi ya fi samun baƙar fata. Mai ciki kuwa ba ta shan ko ɗaya daga cikin waɗannan magunguna.

Cikin feftid mafiya ƙarfin matsewa akwai endotelin, mai amino asid 21, wanda Masashi Yanagisawa da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1988. Bangon jijiya ne da kansa ke fitar da shi. Abin lura, yana da mashiga biyu, wato wuraren da yake kamawa a jijiya, ETA da ETB. In ya kama ETA a kan naman jijiya, sai ta matse. In ya kama ETB a kan shimfiɗar cikin jijiya, sai a fitar da wani sinadari mai suna naitirik oksayid, jijiya ta saki, kuma ta wannan mashigar huhu ke kwashe shi daga jini. Don haka sanin sunan feftid kaɗai bai isa a ce ga abin da zai yi ba, sai an san inda ya sauka. Haka wani feftid mai suna basofuresin yake: yana matse jijiyoyin jiki sosai, na huhu kuwa kaɗan ko ma babu.

Idan endotelin ya yi yawa a huhu, ba matsewa kawai yake yi ba, bangon jijiya yake sa ya yi kauri. Ana cewa akwai hawan jinin huhu idan matsakaicin ƙarfin ya haura 20, kuma abin awon da ake ɗaurawa a damtse ba ya nuna shi. Alamarsa haki in an hau bene, saurin gajiya, kumburin ƙafa, wani lokaci suma. Maganin bosentan, da aka amince da shi a 2001, yana toshe mashigan endotelin biyun, sai dai yana buƙatar gwajin hanta a kai a kai, kuma yana cutar da ɗan tayi.

Masu sikila suna cikin waɗanda wannan ciwo ke kamawa, domin fashewar jajayen ƙwayoyin jini na cinye naitirik oksayid. Zuciyar da ke fama da turawa kan fitar da nata feftid, BNP, don buɗe jijiyoyi da zubar da gishiri ta fitsari, shi ya sa likitoci ke auna shi a jini. Mai sikilar da hakinsa ya ƙaru fiye da yadda ya saba, ya nemi a yi masa hoton zuciya na eko.