Ba daga Mickey Mouse katun ya fara ba

Da yawanmu mun taso muna jin cewa Walt Disney ne ya ƙirƙiro fim ɗin katun. Ba abin mamaki ba ne, sunansa ne ya fi yawo.

Sai dai Mickey Mouse, ɓeran katun na Disney, a 1928 ya fito. Tun 1908, Disney yana ɗan shekara 6, Émile Cohl, mai zanen barkwanci a jaridun Faransa, ya zana hotuna kusan 700 da hannu, ya ɗauke su da kyamara ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa Fantasmagorie, fim marar sauti da bai kai minti 2 ba. Abin tausayi, cikin talauci Cohl ya rasu a 1938.

Fim ɗin yana intanet. Ku nemo shi, ku kwatanta shekarun fitowar biyun da kanku. Don Allah a tura wa wasu.